Koyon Japananci: Abin da ya kamata mai farawa ya sani

A ranar Lahadin farko ta watan Yuli da ta watan Disamba a kowace shekara, ɗaruruwan dubban mutane kan zauna jarrabawar ƙwarewa a harshen Japananci, a cikin ƙasar Japan da kuma wasu ƙasashe da dama na duniya.

Ga da yawa daga cikinsu, sakamakon jarrabawar ne zai nuna ko za su sami gurbin karatu, ko aikin yi, ko kuma takardar izinin zama a ƙasar.

Wani bincike da gidauniyar Japan Foundation ta gudanar a shekarar 2021 ya nuna cewa kimanin mutane miliyan 3 da dubu 800 ne ke koyon harshen a makarantu a ƙasashe da yankuna 141. Ƙasar Sin ce kan gaba, sai Indunusiya, sai Koriya ta Kudu. Wannan adadi bai haɗa da masu koyo da kansu a gida ba.

Mutane sama da miliyan 120 ne ke magana da Japananci, kuma kusan dukkansu a cikin Japan suke zaune.

Yaya wahalarsa take?

Cibiyar horar da jami'an diflomasiyya ta ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta sanya Japananci a rukunin harsuna mafiya wuya, tare da Larabci da Sinanci da Koriyanci.

Cibiyar ta ƙiyasta cewa mai magana da Ingilishi yana bukatar kimanin sa'o'i 2,200 a aji, wato makonni 88, kafin ya iya aiki da harshen. A lissafinta, Hausa na bukatar rabin wannan lokaci.

Sai dai an yi wannan ƙiyasi ne domin Turawa. Akwai wuraren da Bahaushe zai fi su samun sauƙi, musamman ta fuskar furuci.

Furuci

Japananci yana da wasula biyar ne, a, i, u, e, o, kamar Hausa, kuma kowane wasali yana da gajere da dogo.

Tsawon wasali kan sauya ma'ana. Obasan na nufin goggo ko inna, amma obaasan na nufin kaka. Bahaushen da ya san bambancin gari na mazauna da garin tuwo ba zai ji wannan baƙon abu ba.

Haka nan akwai shadda. Kite na nufin "zo", kitte kuwa kan sarki ne na wasiƙa, kamar dai bambancin baba da babba.

Akwai kuma hawa da saukar murya. A karin harshen Tokyo, kalmar ame na nufin ruwan sama idan murya ta fara daga sama ta sauko, idan kuwa ta fara daga ƙasa ta hau, ana nufin alewa. Hashi ma haka: ko dai tsinken cin abinci, ko gada.

Harafin f na Japanawa da leɓɓa biyu ake furta shi, kamar na Hausa. Inda Bahaushe zai yi hattara shi ne wajen p, domin Japananci ya bambanta shi da f da kuma h.

Rubutu iri uku

Babban aikin yana wajen rubutu, domin ana haɗa tsarin rubutu uku a cikin jimla guda.

Japanawa sun karɓi rubutun Sinawa ta hanyar zirin Koriya a wajejen ƙarni na 5, suka riƙa rubuta harshensu da shi, kamar yadda Hausawa suka ari haruffan Larabci suka yi ajami. Waɗannan alamomi na Sinawa su ake kira kanji, kuma kowace alama tana ɗauke da ma'ana.

A wajejen ƙarni na 9 an sauƙaƙa wasu daga cikin alamomin, aka fitar da jerin haruffa biyu waɗanda sauti kawai suke nunawa: hiragana da katakana. Kowane jeri yana da haruffa 46 na asali, kuma kowane harafi gaɓa ce guda, kamar ka, ki, ku, ke, ko.

Da hiragana ake rubuta ƙarshen aikatau da ƙananan kalmomin nahawu. Matan fadar sarki ne suka fi amfani da shi a zamanin Heian, kuma da shi Murasaki Shikibu ta rubuta mafi yawan littafinta na labarin Genji a farkon ƙarni na 11.

Katakana kuwa malaman addinin Buddha ne suka fara amfani da shi wajen yi wa littattafai sharhi. A yau da shi ake rubuta sunayen baƙi da kalmomin aro. Tebur shi ne teeburu, Nijeriya Naijeria, sunan Ahmad kuma yakan koma Afumado, saboda harshen ba ya son baƙaƙe biyu a jere ba tare da wasali a tsakani ba.

Mai himma yakan haddace jerin biyu cikin 'yan makonni.

Kanji

A shekarar 1946 gwamnatin Japan ta fitar da jerin kanji 1,850 domin amfanin yau da kullum. An maye gurbinsa da wani mai 1,945 a 1981, sannan aka faɗaɗa shi zuwa 2,136 a 2010. Wannan shi ne kimanin adadin da ake bukata domin karanta jarida.

'Ya'yan Japanawa ma sannu a hankali suke koyo. Suna farawa da 80 a aji ɗaya, kuma tun daga shekarar 2020 alamomi 1,026 ake koya musu a shekaru shida na firamare.

Alamomin ba zane ne kara-zube ba. An gina su ne daga ƙananan sassa da ke maimaituwa. Alamar itace guda tana nufin bishiya, biyu a jere kurmi, uku kuwa daji. Idan aka ajiye alamar mutum a gefen ta itace, ma'anar ta zama hutawa.

Abin da ya fi ba mai koyo wahala shi ne yawancin alamomin suna da karatu fiye da ɗaya: na asalin Japananci, da wanda aka aro daga Sinanci. Alamar dutse ana karanta ta yama idan tana ita kaɗai, amma san a cikin sunan Fujisan, wato Dutsen Fuji.

Saboda haka ya fi amfani a koyi kowace alama a cikin kalma, maimakon haddace jerin karatunta.

Ana kuma iya rubuta Japananci da haruffan boko. Tsarin da ya fi yaɗuwa yana ɗauke da sunan James Curtis Hepburn, wani likita ɗan mishan Ba'amurke da ya wallafa ƙamus na Japananci da Ingilishi a 1867. Tsarin yana taimakawa a makonnin farko da wajen bugawa a kwamfuta, amma wanda ya dogara da shi kaɗai ba zai iya karanta jarida ko takardar haya ba.

Nahawu

Aikatau a ƙarshen jimla yake zuwa. Domin a ce "ina shan ruwa", sai a ce watashi wa mizu o nomimasu, wanda jerin kalmominsa shi ne "ni, ruwa, sha".

Ƙananan kalmomin da ke bin bayan suna su ke nuna aikinsa a jimla. Wa na nuna abin da ake magana a kansa, o na nuna karɓau, ni na nuna wuri ko lokaci, no kuma na nuna mallaka.

Akwai sauƙi ta wasu fuskoki. Suna ba shi da jinsin namiji ko mace, galibi ba a yi masa jam'i, kuma aikatau ba ya sauyawa saboda wanda ya yi aikin. Aikatau biyu ne kawai suka yi fice wajen saɓa ƙa'ida: suru, wato yi, da kuru, wato zo.

Wajen ƙirga kuwa akwai ƙarin aiki, domin kowane irin abu da kalmar ƙirgarsa: nin ga mutane, mai ga abubuwa masu faɗi kamar takarda, hon ga masu tsawo kamar alƙalami, hiki ga ƙananan dabbobi.

Sai kuma harshen girmamawa da ake kira keigo. Kalmar "ci" ita ce taberu a tsakanin abokai, tabemasu a maganar ladabi, meshiagaru idan babba ne ke cin abincin, itadaku kuma idan mutum yana ƙasƙantar da kansa a gaban babba. Littattafan masu farawa da sigar ladabi suke somawa, saboda ita ce ba ta jawo laifi ko ga wa aka yi ta.

Aji ko koyo a gida?

Amfanin aji shi ne malamin da zai gyara furuci, abokan da za a yi hira da su, da kuma jadawalin da zai hana mutum sakaci.

Litattafai biyu ne suka fi shahara a azuzuwan masu farawa. Minna no Nihongo, wanda ya fito a 1998, yana da darussa 50 a juzu'i biyu, kuma babban littafin da Japananci zalla aka rubuta shi, bayanin nahawu yana cikin wani littafi dabam. Genki, na kamfanin The Japan Times, ya fito a 1999 da darussa 23, kuma bayaninsa da Ingilishi ne, abin da ya sa masu koyo da kansu suka fi son sa.

A nahiyar Afirka, Jami'ar Alƙahira ta buɗe sashen harshen Japananci tun a 1974. A cikin Japan kuwa akwai makarantun koyon harshe da ke ɗaukar baƙi har tsawon shekaru biyu. Da yawansu kan nemi shaidar cewa ɗalibi ya riga ya yi kimanin sa'o'i 150 na karatu, kuma doka ta taƙaita aikin da ɗalibi zai yi ga sa'o'i 28 a mako, bayan ya sami izini.

Wanda babu aji kusa da shi yana da kayan karatu na kyauta a intanet. Japan Foundation tana da dandalin darussa mai suna Minato, sannan a 2020 ta fitar da littafin Irodori domin masu niyyar zama da aiki a Japan. Kafar yaɗa labarai ta NHK tana da darussan masu farawa, da kuma shafin labarai cikin sauƙaƙan kalmomi.

Manhajar Anki tana dawo wa mai koyo da kalma a daidai lokacin da ya kusa mantawa da ita. Duolingo ma ta ƙara Japananci a 2017. Irin waɗannan manhajoji suna taimakawa wajen hadda, amma ba sa maye gurbin littafin nahawu ko hira da mutum.

Raunin koyo a gida shi ne mutum kan iya karatu ya kasa magana. Rabin sa'a a kullum, tare da sauraro da maimaitawa a bayyane, ya fi sa'o'i da yawa a rana guda a mako.

Jarrabawa

An fara jarrabawar JLPT a 1984 da mutane kimanin 7,000. Tun daga 2010 matakanta biyar ne, daga N5 mafi sauƙi zuwa N1 mafi wuya. Wasu cibiyoyi na ƙasashen waje sau ɗaya kawai suke yin ta a shekara.

Ana gwada kalmomi da nahawu da karatu da sauraro ta hanyar zaɓen amsa. Babu gwajin magana ko na rubuta insha'i. Jimlar maki 180 ne, ana cin N5 da 80, N1 kuma da 100, muddin ba a gaza mafi ƙarancin maki a wani sashe ba.

Kamfanoni da jami'o'in da ke aiki da Japananci galibi N2 ko N1 suke nema.

Me mutum zai samu?

Yawan al'ummar Japan ya kai ƙololuwa a 2008 da kimanin miliyan 128, daga nan ya fara raguwa, kuma kusan kashi 30 cikin 100 na jama'ar sun kai shekara 65 ko fiye.

Ƙarancin ma'aikata ya sa a watan Afrilun 2019 aka buɗe sabuwar bizar ma'aikata masu sana'a a fannoni irin su kula da tsofaffi, gine-gine da noma. Matakin farko yana bukatar N4 ko jarrabawar JFT-Basic, tare da gwajin sana'a, kuma wa'adinsa bai wuce shekaru biyar ba.

Ta fuskar karatu, ma'aikatar ilimi ta Japan tana ba da tallafin MEXT tun 1954, wanda ake nema ta ofisoshin jakadanci ko jami'o'i. Ba lallai sai mai nema ya iya harshen ba, domin akan ba masu digirin farko shekara guda ta share fage, masu bincike kuma watanni shida idan akwai bukata.

Akwai kuma shirin ABE domin matasan Afirka, wanda Firayim Minista Shinzo Abe ya sanar a taron TICAD na 2013 a Yokohama. Da Ingilishi ake karatun digiri na biyu a shirin, amma zaman yau da kullum yana bukatar Japananci. Musulmin da ke son duba ko akwai naman alade ko giya a abincin kanti, dole ya san alamominsu na kanji.

Iya harshe dai ba shi ne biza ba. A watan Agustan 2025 hukumar JICA ta ayyana birnin Kisarazu a matsayin abokin hulɗar Nijeriya, labari ya bazu cewa za a ba 'yan Nijeriya biza ta musamman. Gwamnatin Japan ta musanta hakan, kuma JICA ta janye shirin a watan Satumban shekarar.

Saboda haka mai son sanin ranar jarrabawa, ko cibiyar da ta fi kusa da shi, ko sharuɗɗan tallafin karatu, ya nemi bayani daga ofishin jakadancin Japan da ke ƙasarsa kafin ya ba wani dillali kuɗinsa.