Asalin Ƙyaftawar Fuskar Kwamfuta

Tun a shekarar 1888, sa'ad da malamin ilmin tsirrai Friedrich Reinitzer ya gano wani sinadari mai ɗabi'a tsakanin ruwa da daskararre, aka sami asalin fuskar kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda ba ta da hasken kanta, sai an kunna mata fitila ta bayanta. Shekaru masu yawa fitilar nan siririn bututu ce da ƙaramin inbata ke ba wa wuta, kuma sau da yawa ƙyaftawar fuskar daga gajiyarsu take tasowa. Da fitilun LED suka gaje ta wajen 2010, sai masu gyara, bisa hikima, suka karkata bincikensu ga wayar da ta ratsa malanƙwasar murfi, wadda yawan buɗewa da rufewa ke cinye ta sannu a hankali.