Iskar Mitan da Kiwon Shanu a Arewacin Kamaru

Mitan iska ce mai ɗumama duniya wadda shanu, tumaki da awaki ke fitarwa, galibi ta gyatsa, yayin da ƙwayoyin halitta ke narkar da ciyawa a tumbinsu. A tsawon shekara 100, ƙarfinta na riƙe zafi ya ninka na iskar kabon kusan sau 28.

A yankin Garwa, hedikwatar Jihar Arewa a bakin kogin Binuwai, matsalar ta fi tsanani da rani. Shanun Bunaji da Rahaji na Fulani makiyaya sukan dogara da busasshiyar ciyawa da karan dawa, abinci mai wuyar narkewa. Saniya ta rame, nono ya ragu, maraƙi ya daɗe bai girma ba, amma gyatsar ba ta tsaya ba. Saboda haka kowace litar nono tana zuwa da mitan mai yawa, kuma wannan asara ce ta makiyayi tun kafin ta zama ta duniya.

Harawa, dusar angurya daga kamfanin SODECOTON da rigakafin cibiyar LANAVET ta Bokle suna ƙara amfanin kowace dabba, abin da ke rage mitan da ke zuwa da kowace litar nono.