Siminti Ba Zai Ceci Tsoffin Sorayen Haɗeja Ba

Fasalin ginin ƙasa na Hausa ba ya buƙatar maimaici a nan. Littattafan Moughtin (1985) da Dmochowski (1990) sun wadatar. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ra'ayin wani masanin tsara birane, wai tunda Haɗeja a bakin fadama take, tsoffin sorayenta ba su da mafita sai a lulluɓe su da siminti, ko a rushe su a sake tayar da su da bulo bisa tsohon fasali.

Hujjarsa tana da nauyi. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun ci gidajen ƙasa da dama a masarautar, kuma tun bayan gina madatsun Tiga (1974) da Challawa (1992) ciyawar kachala ta yi ta toshe hanyoyin ruwa. Sai dai a ganina ya haɗa cuta biyu ya ba su magani ɗaya. Ambaliya aikin jinga ne da yashe magudanai. Shafen bango ba ya tare kogi. Danshin da ke tasowa daga ƙasa kuwa, siminti ƙara masa ƙarfi yake yi. Bangon tubali yana shan ruwa da damina, ya fitar da shi da rani. In aka toshe masa fuska sai ruwan ya kwanta a ciki, tubali ya jiƙe, bakin azara ya ruɓe, alhali daga waje ginin lafiya lau.

Masanin ya kuma ce ginin da ake yi wa yaɓe kowace shekara ya daina zama na asali, domin ƙasar da ta ga shahadar Sarkin Haɗeja Muhammadu a 1906 ta daɗe da zaizayewa. Wannan ma'aunin gine-ginen dutse na Turai ne, kuma Takardar Nara ta 1994, kan asalin kayan tarihi, ta sassauta shi. Masallacin Jenne a Mali duk shekara mutanen gari ke yaɓe shi, kuma yana cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO tun 1988.

Ba na da'awar za a iya maido da ganuwar Haɗeja. Gari ya riga ya tsallake ta. Maganata ta taƙaita ga zauruka da soraye 'yan kaɗan na cikin tsohon gari waɗanda harsashinsu bai taɓu ba. Su ya kamata masarauta ta ƙidaya, ta nemi hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta yi musu rajista. Sannan a ware kuɗin yaɓe da makuba kafin kowace damina, a damƙa wa maginan gargajiya da yaransu, a kuma dasa giginya tun yanzu, domin tana shekaru masu yawa kafin ta isa a tsaga azara.