Dokar Ohm: Yadda ake lissafa turjiya da ƙarfin wutar lantarki

A jikin kusan kowane dutsen guga, ko butar lantarki, ko kwan fitila, akwai wasu alƙaluma da akasarin jama'a ba sa kulawa da su. Amma waɗannan alƙaluma ne ke nuna ko wayar da ke cikin gida ko shago za ta iya ɗaukar nauyin da aka ɗora mata, ko kuwa za ta yi zafi har ta kama wuta.

Abubuwa uku ne ginshiƙin lissafin. Akwai turin da ke ingiza wutar, wanda ake aunawa da bolt (V). Akwai yawan wutar da ke kwarara, da ake aunawa da amfiya (I). Sai turjiyar da waya ko na'ura ke yi wa wutar, wadda ake aunawa da om (R).

Wani malamin makaranta Bajamushe, Georg Simon Ohm, shi ne ya bayyana dangantakar da ke tsakaninsu a littafin da ya wallafa a 1827. Da farko masana a ƙasarsa sun yi ko oho da aikin, sai a 1841 ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society da ke Landan ta ba shi lambar yabo ta Copley.

Lissafin kansa

Dokar ta ce idan aka raba bolt da amfiya za a samu turjiya, wato R = V ÷ I. Shi kuwa ƙarfin wutar da na'ura ke ci, wanda ake aunawa da wat (P), ana samun sa ne ta hanyar ninka bolt da amfiya: P = V × I.

Alal misali, wutar gida a Najeriya bisa ƙa'ida bolt 230 ce. Idan mita ta nuna cewa hita tana jan amfiya 5, to turjiyarta om 46 ce, ƙarfinta kuma wat 1,150. Idan ta yi awa biyu tana aiki, ta ci kilowat-awa 2.3, abin da ake kira yunit a mitar kamfanin wuta.

Daga waɗannan biyu ake fitar da wasu hanyoyi guda biyu: P = V × V ÷ R, da kuma P = I × I × R. A nan ne lissafin ke fara bayyana abubuwan da mutane ke gani yau da kullum.

Idan wuta ta yi ƙasa zuwa bolt 160, hitar nan mai om 46 za ta ba da kimanin wat 557 ne kawai. Turin ya ragu da ƙasa da kashi ɗaya cikin uku, amma zafin ya ragu da fiye da rabi. Shi ya sa ruwa ke daɗewa bai tafasa ba.

Haka kuma wanda ya sayo dutsen guga daga Amurka, inda ake amfani da bolt 120, ya jona shi kai tsaye a Kano ko Yamai, ya ɗora masa kusan ninki huɗu na ƙarfin da aka ƙera shi a kai. Ba zai jima ba zai ƙone.

Inda haɗarin yake

Filogi mai ƙafa uku irin na Birtaniya, wanda ya zama ruwan dare a Najeriya, ba ya wuce amfiya 13, wato kimanin wat 3,000. Idan aka jona dutsen guga mai wat 1,000, da buta mai 2,000, da hita mai 1,500 a kan soket guda, jimillar wat 4,500 ke nan, ko kusan amfiya 20.

A ƙa'ida fis ne zai tsinke ya katse wutar. To sai dai sau da yawa akan cire fis ɗin da ya ƙone a ɗaura guntuwar waya a madadinsa, wanda hakan ganganci ne tsantsa, domin an kawar da mai gadin ne an bar ƙofa a buɗe.

Abin da ya fi wannan muni shi ne mahaɗar waya da ba a ɗaure da kyau ba. Ko da turjiyarta rabin om ce kacal, amfiya 20 za ta haifar da zafin wat 200 a wurin da bai kai ɗan yatsa ba. A cikin silin, ko bayan tarin atamfa a kasuwa, wannan ya isa ya tayar da gobara.

Wannan lissafi ne kuma ya sa manyan layukan Najeriya ke ɗaukar bolt 330,000. Idan turi ya yi yawa, amfiya kaɗan ake bukata, asarar da ake yi a hanya kuma sai ta ragu ƙwarai.

Iyakar dokar

Dokar Ohm ba ta aiki daidai a kan kowace na'ura. Turjiyar ƙarfe tana ƙaruwa idan ya yi zafi: tsohon kwan fitila mai wat 100 yana da kimanin om 529 yayin da yake ci, amma idan aka auna shi a sanyaye ba zai kai kashi ɗaya cikin goma na hakan ba.

Kazalika na'urori masu inji, kamar firji da famfon jan ruwa, kan ja amfiya fiye da kima idan wuta ta yi ƙasa, abin da ke ƙona su. A irin waɗannan na'urori, ninka bolt da amfiya yakan ba da adadin da ya zarce ainihin wat ɗin da suke ci. Dalili ke nan da ya sa ake rubuta ƙarfin janareta da kVA: mai kVA 5 yawanci kilowat 4 yake iya ɗauka.