Injin ban-ruwa na 1913 mai aiki da rana, da abin da ya haɗa shi da fadamar Auyo

Idan wata rana kana da data kuma ba ka da abin yi, ka nemi tsofaffin mujallun kimiyya na Amurka da aka ɗora a intanet, irin su Popular Science da aka fara bugawa a 1872, ko Popular Mechanics ta 1902. Sai dai ina gargaɗinka, akwai cin lokaci. Ni na shiga ne neman wani adadi guda ɗaya don aikin bincikena, ban farga ba sai da aka kira sallar Asuba.

Abin da zai fara kama ka shi ne dariya. A fitowar Yuli 1925 ta mujallar Science and Invention, mai mujallar da kansa, Hugo Gernsback, ya nuna wani kwalkwali da ya ƙirƙira ya sa masa suna Isolator. Ana kifa shi a kai ya rufe har wuya, wai don marubuci ya daina jin hayaniya. Gilashin idon an shafe shi da baƙin fenti, an bar ɗan siririn layi da bai wuce ka ga jimla ɗaya ba. Da ya lura mutum kan fara gyangyaɗi bayan kamar minti 15 a ciki, maimakon ya haƙura, sai ya jona masa tulun iskar shaƙa. Akwai kuma Dynasphere, motar da wani Bature ɗan Ingila, Dakta J. A. Purves, ya gwada a bakin teku a 1932. Taya ce guda ɗaya mai tsayin mita 3, direba na zaune a cikinta. Tana gudun kusan kilomita 48 a awa, amma juya ta aiki ne, kuma in aka taka birki da ƙarfi direban ma na iya bin tayar ya wuntsila. Ka kwatanta ta a hanyar Auyo zuwa Haɗeja ranar kasuwa.

To a cikin wannan tarkace ne na ci karo da hoton da ya hana ni dariya. Bangon mujallar Electrical Experimenter ne na Maris 1916, ita ma ta Gernsback ɗin ce, don ita ce daga baya aka sauya wa suna ta koma Science and Invention. Hoton na wani injin ne mai aiki da hasken rana. Wanda bai sani ba zai ɗauka shi ma cikin mafarkan mai kwalkwali ne. Alhali an gina injin nan, ya yi aiki, kuma aikin da ya yi shi ne wanda kawuna yake yi kowane rani a fadamar Auyo: ɗebo ruwa daga ƙasa a kai shi gona.

Mai injin sunansa Frank Shuman, mutumin Filadelfiya a Amurka, an haife shi a 1862. Ba ɗan koyo ba ne. Ya riga ya yi kuɗi da wani gilashi mai waya a ciki da ya ƙirƙiro, wanda ko ya fashe ba ya tarwatsewa. Daga wajen 1907 ya dinga gwaje-gwaje a unguwarsu ta Tacony, yana tara zafin rana a akwatuna masu murfin gilashi yana juya ƙaramin inji. Ya san a garinsu ba zai yi kasuwa ba, domin jihar Pennsylvania gidan kwal ce. Sai ya nemi ƙasar da rana ta yi yawa, makamashi kuma ya yi tsada. Masar ta cika sharuɗɗan biyu: ana noman auduga da ruwan Nilu, injinan ban-ruwa na cin kwal, kwal ɗin kuwa sai an yo jigilarsa a jirgin ruwa daga Birtaniya.

Da kuɗin masu zuba jari na Landan, da shawarar masanin fiziya C. V. Boys, aka gina tashar a Ma'adi, kudu da Alkahira, tsakanin 1912 da 1913. Bari in kwatanta maka ita. Ka san kwamin da ake shayar da shanu? Ka ƙaddara guda biyar, kowanne tsawonsa mita 62, faɗinsa mita 4, an jera su daga kudu zuwa arewa, an lulluɓe cikinsu da ƙananan madubai. Lanƙwasar kwamin an auna ta yadda duk hasken da ya faɗo zai koma kan layi ɗaya a tsakiya, inda aka shimfiɗa doguwar tukunyar ruwa. Kwamin yana juyawa a hankali yana bin rana daga gabas zuwa yamma. In ka taɓa ƙona takarda da gilashin tabarau kana yaro, ka riga ka san rabin ilimin. Tukunyar farko ta zinki ce, ba ta jure zafin ba, sai aka sake ta da ƙarfe.

Ɗaya rabin ilimin yana wajen injin. Tururin da rana ke bayarwa a wannan tsari ba shi da ƙarfin na tukunyar kwal, don haka Shuman ya ƙera injin da zai wadatu da tururi mai rauni. Dabarar ita ce a sanyaya tururin da ya gama aiki ya koma ruwa nan take. Hakan na barin kusan fanko a bayan fistan, sai ɗan ƙarfin da ke gabansa ya isa ya tura shi. Da wannan tashar ta ba da ƙarfin doki 55 ko kusa da haka, tana ɗaga ruwan Nilu kimanin lita 23,000 a minti ɗaya.

Mu auna wannan adadi da ma'aunin gida. Lita 23,000 a minti na nufin kusan mita-kubik 1,400 a awa. In rana ta ba ka awa 8, ka samu wajen 11,000. Shinkafar rani a irin zafinmu na iya shan milimita 10 a yini, wato mita-kubik 100 a kowace hekta. Lissafin kan takarda ne, ban cire abin da ke tsiyayewa a kwalbati da magudana ba, amma ya nuna maka girman abin: gona sama da hekta 100, ba tare da an sayi ko digon mai ba, shekara ɗaya kafin a haɗe Kudu da Arewacin Najeriya. A lokacin manomin bakin kogin Haɗeja da jigo yake ban-ruwa, guga ɗaya bayan ɗaya.

Manya sun zo kallo a 1913, har da Lord Kitchener, wakilin Ingila a Masar. An yi maganar kafa irinta a gonakin auduga na Sudan, Jamusawa ma sun nuna sha'awa don yankin da suke mulka a kudu maso yammacin Afirka. Shuman ya ɗau zafi, har ya yi lissafin cewa in aka shimfiɗa madubai a kan murabba'in kilomita dubu 52 na Sahara za a sami makamashi daidai da duk kwal da man da duniya ta haƙo a 1909. Filin nan ya ɗan haura ninki biyu na jihar Jigawa.

Sai yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914. Injiniyoyin suka watse, tashar ta tsaya, daga baya aka kwance ta. Shuman ya rasu a 1918. Da aka gama yaƙi kuma man fetur ya yi araha, injin mai ƙarami ya bazu ko'ina, ba wanda ya waiwayi madubai. Hoton ya zauna a tsohuwar mujalla tare da motoci masu fukafuki, masu zuwa daga baya suna yi musu kuɗin goro.

A nan nake ganin ana yi wa mutumin rashin adalci. Kwalkwalin Gernsback ko yau ka kawo shi ba mai saye, don rufe ƙofa ya fi shi sauƙi. Injin Shuman kuwa ba ilimi ne ya kayar da shi ba, farashi ne. Shaidar ita ce an dawo masa. Tun daga 1984 aka fara gina tashoshin wuta masu irin kwaminsa a hamadar Mojave ta Kalifoniya. Maroko ta buɗe Noor ta ɗaya a Warzazat a 2016, megawat 160. Ita kanta Masar ta gina ɗaya a Kuraymat, a kudu da Ma'adin.

Kafin nan ma an gwada a kusa da mu, kuma wannan ɓangaren ba ka cika jin sa ba. Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa a jihar Maraɗi a 1929, masanin fiziya ne da ya jagoranci hukumar makamashin rana ta Nijar, ONERSOL, tun daga 1969. A Yamai suka ƙera na'urorin dafa ruwa da murhun rana, suka yi aiki a kan injinan da zafin rana ke juyawa. Jami'ar Yamai sunansa take ɗauke da shi yanzu. A shekarun 1970 kuma wani kamfanin Faransa, SOFRETES, ya kakkafa famfunan rana a ƙasashen Sahel. Su ba madubi suka yi amfani da shi ba, faranti ne baƙi shimfiɗaɗɗe da ke ɗumama wani ruwan sinadari mai saurin tafasa, tururinsa ya juya inji. Sun ɗebo ruwa, ba ƙarya. Amma inji ne mai sassa da yawa, in abu ɗaya ya lalace a ƙauye sai a jira makaniki da kayan gyara daga nesa. Ba su daɗe ba wani abu daban ya sha gabansu.

Wannan abin shi ne farantin sola da ka sani. Ba ya tafasa komai, haske yake mayarwa lantarki kai tsaye. An nuna na farko mai amfani a ɗakin binciken Bell a Amurka a 1954, yana cin moriyar kashi 6 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa. Na kasuwa a yau na kaiwa kashi 20 ko fiye. Tashar Ma'adi, in ka raba ƙarfin da ta bayar da hasken da ya faɗa kan madubanta masu faɗin murabba'in mita 1,240, ba ta wuce kashi 3 zuwa 4 ba. Ƙarfin doki 55 kusan kilowat 41 ne, wato faranti 75 masu wat 550 idan rana ta take. Tirela ɗaya ta ɗauke su da sauran wuri.

Kada ka ce to me ya hana a gina irin ta Shuman a Auyo. Ko kyauta aka ba mu ba za ta dace ba, kuma dalilin yana da daɗin sani. Madubi ba ya iya tattara haske sai wanda ya zo miƙe daga ƙwayar rana. Lokacin da manomin alkama ya fi buƙatar ruwa, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin hunturu ne, hazo ya rufe sama har kana iya kallon rana da ido kamar farin faifai. Ƙurar na warwatsa hasken ya dinga zuwa ta kowace fuska. Madubi ba ya iya yin komai da irin wannan haske, shi kuwa farantin sola yana ci, ko da ƙarfinsa ya ragu. Ga kuma yanayin gonakinmu. Madatsar da ke kan kogin Haɗeja a ƙasar Auyo tana tura ruwa ta magudanai zuwa filayen da ke cikin shirin gwamnati, amma ɗimbin manoma suna wajensa, kowa da 'yar gonarsa da rijiyar tiyo da aka buga a fadama, ruwa na kusa. Irin wannan manomi ba tasha yake so ba, abin da zai ɗora a amalanke ya kai gida da yamma yake so.

Shi ya sa tun shekarun 1980 ƙaramin injin fetur ya kori jigo. Ya yi mulkinsa kusan shekara arba'in, saboda dalilin da ya binne Ma'adi: mai na da araha. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da cire tallafi. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Manomin Auyo ya wayi gari a matsayin manomin audugar Masar na 1912, ga rana har ta yi yawa, ga makamashi ya gagara. Wasu suka mayar da injinansu na gas ɗin girki. Wasu suka rage gona. Waɗanda suka iya suka sayi sola.

Kawuna na cikin waɗanda suka daɗe suna jinkiri, kuma ban ga laifinsa ba. Matsalar da Shuman ya fuskanta gaban masu kuɗin Landan ita ce tasa: da injin fetur kana biya kaɗan-kaɗan duk sati, da sola kuwa sai ka biya kuɗin shekaru a rana ɗaya, kafin ka ga ko ƙwayar shinkafa. Ga tsoron ɓarayi, ga jabun kaya a kasuwa. Ni kuma nawa tsoron daban ne. Tsadar mai, duk da muninta, ita ce ke sa mutum ya kashe inji da zarar fangali ya cika. In ɗebo ruwa ya zama kyauta daga hantsi zuwa la'asar, kuma kowa a fadama ya samu, to ruwan ƙasan nan da ambaliyar damina ke cikawa, wanda madatsun Tiga da Challawa suka riga suka sauya wa lissafi, sai an fara auna shi da gaske. A wasu sassan Indiya wutar ban-ruwa ta kyauta ta sa rijiyoyi sun yi ta nisa shekara bayan shekara.

Da na je gida na nuna wa kawu hoton bangon mujallar a waya, na karanta masa shekarar. Ya daɗe yana kallo, ya buɗa hoton da yatsu biyu ya duba madubin ɗaya bayan ɗaya. Sai ya ce, “Ɗana, wa ke goge musu ƙura?”