Ƙafar Raƙumi da Ƙafar Babur

Ƙasar Abzin ba iri ɗaya ba ce. In ka fita daga Agadas ka nufi Dabaga da Timiya, dutse ne da tsakuwa da ƙorama. In ka nufi gabas wajen Fashi da Balma, rairayi ne iyakar ganinka. In kuwa Tawa ko Arlit za ka, kwalta ce. Mai babur, wanda mu nan muka fi kira moto, yakan taka duka ukun cikin mako guda. To, wace irin taya zai saya? Bari mu duba yadda na gabanmu suka yi.

Shekaru aru-aru, ƙafar da ta iya wannan ƙasa ita ce ta raƙumi. Tafinsa faffaɗa ne, mai taushi. In ya taka rairayi sai tafin ya baje, ba ya nutsewa. Da shi ayari yake zuwa Balma ya ɗauko gishiri da dabino. Amma wannan tafi ba ya son dutse mai kaifi. Shi ya sa in ya ji ciwo, madugai kan ɗaura masa fata kamar takalmi.

Taya mai iska kuwa ba ta daɗe ba. A 1888 wani likitan dabbobi mai suna Dunlop, a garin Belfast, ya yi wa keken ɗansa ƙafa ta roba mai iska a ciki. A 1891 kamfanin Michelin na Faransa ya fito da tayar da ake iya cirewa a yi mata faci a mayar. Amma tayoyin farko sirara ne, rairayi yana shanye su. Da motocin Citroën suka ratsa Sahara daga Aljeriya zuwa Tambutu a ƙarshen 1922 da farkon 1923, ƙafafunsu na baya ba taya ba ne, wani faffaɗan ɗamara ne na roba mai juyawa.

Babur ma ya zo da wuri. A watan Disamba na 1934 wasu mata biyu 'yan Ingila, Theresa Wallach da Florence Blenkiron, suka tashi daga Landan a kan babur ƙirar Panther, da akwatin zama a gefe, da amalanke a baya. Sun ratsa hamada, suna tafiya suna tura shi cikin rairayi. Injin ya lalace, sai a nan Agadas aka gyara shi. Daga nan suka ci gaba har Afirka ta Kudu, suka isa a watan Yuli na 1935.

Abin da dattawan garin nan suka fi tunawa shi ne tseren Paris-Dakar. Wani Bafaranshe, Thierry Sabine, ya ɓace da babur cikin hamada a 1977, da ƙyar aka same shi. Maimakon ya tsorata, sai ya shirya tsere. Aka tashi daga Paris ran 26 ga Disamba 1978, motoci da babura 182. Suka biyo ta Aljeriya, suka sauka Agadas, suka wuce Yamai da Mali. 74 kaɗai suka kai Dakar ran 14 ga Janairu 1979. Wanda ya ci, Cyril Neveu, yana kan babur Yamaha XT500. Ƙafar gaban wannan babur babba ce, inci 21, don ta haye dutse da rami. Ta baya inci 18 ce, mai kauri, don ta tura. A 1983 tseren ya ratsa Tenere, guguwa ta taso, mahaya da dama suka ɓace kwana da kwanaki. A shekarar ne Yamaha ya fito da babur mai suna Ténéré, sunan hamadarmu.

Masu tseren nan sun sha wuyar faci. Ƙayar aduwa ba ta san Bature ba. Saboda haka a shekarun 1980 Michelin ya yi wani soso mai tauri da ake cusawa cikin taya maimakon tub, wato robar cikin nan mai riƙe iska. Ba iska, ba faci. Sai dai soson yana da tsada, kuma zafin doguwar tafiya kan kwalta yana ɓata shi. Tseren kansa ya bar Afirka: an soke na 2008, aka kai shi Amurka ta Kudu a 2009, sannan Saudiyya tun 2020.

A nan nake so mai karatu ya tsaya ya yi tunani. Samari suna sha'awar taya mai manyan haƙora irin ta masu tsere. Amma mai tsere yana da babbar mota a bayansa ɗauke da tayoyi, in ta ƙare da dare a sa masa sabuwa. Kai da ka ɗauko buhun albasa daga Tabelot, wa ke binka da sabuwa? Haƙoran nan suna kama rairayi da tsakuwa sosai. A kan kwalta mai zafi kuwa suna cinyewa da sauri, babur yana rawa, birki ba ya kamawa yadda ya kamata. Taya mai ƙaramin zane ita ce ta kwalta. Tana daɗewa, amma in ta shiga ƙoramar Telwa sai ta yi ta juyawa wuri ɗaya.

Wannan matsala ta zo mana ne da kwalta. An fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971, sannan aka shimfiɗa hanyar Tawa zuwa Agadas zuwa Arlit, aka gama wajen 1980. Kafin nan duk hanya ta ƙasa ce. Yanzu kuwa, tun da aka sami zinariya a Jado da Cibarakaten a 2014, masu shiga daji sun ƙaru ƙwarai. A can, taya in ta fashe nesa da rijiya, ba maganar kuɗi ba ce, maganar rai ce.

A ganina, mutum ya ƙirga kwanakinsa. Cikin tafiya goma, nawa ce ta kwalta, nawa ce ta daji? Ɗan kabu-kabun cikin gari ya ɗauki mai ƙaramin zane. Mai zuwa garka cikin duwatsu ya ɗauki mai haƙora, mai kaurin gefe, da tub mai kauri. Wanda tafiyarsa ta rabu biyu ya nemi ta tsakiya, mai haƙora gajeru kusa da juna.

Sai maganar iska. A rairayi, rage ta kaɗan, taya ta baje kamar tafin raƙumi. Da ka fito kan dutse ko kwalta, mayar da iskar. In ba haka ba, dutse zai matse tub da ƙarfen ƙafa ya huda shi wuri biyu, ko kuwa taya ta ɗauki zafi ta lalace. Kada ka fita ba famfo da kayan faci da ruwan sha.

Tun da yanzu ka iya karatu, duba jikin tayar kafin ka biya. In ka ga 3.00-18, faɗinta inci 3 ne, ta ƙafa mai inci 18 ce. A tayoyi da yawa akwai wasu lambobi huɗu cikin ɗan zobe. In an rubuta 2321, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2021. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, balle wadda ta sha ranar Agadas a ƙofar kanti. Lanƙwasa gefenta da hannu ka duba. In ka ga ƙananan tsagu, ajiye ta, ka ce a kawo wata.