Wa Ke Riƙe da Lasifika? Tarihin Dandalin Ɗalibai a Nijar

Ƴan uwa ɗalibai, duk shekara in watan Fabrairu ya kama, za ku ga kwamitocin ɗalibai daga Yamai har Tawa suna neman wanda za su gayyato ya yi lacca. Sai a shiga gardama: wane za a kira, wa zai biya motarsa, wa zai zauna kusa da shi. Wasu na ɗaukar abin kamar shirin biki. To amma tarihinmu ya nuna cewa dandalin nan da jini anka same shi.

Asalin abin ya girmi ƙasar kanta. A ƙarshen 1950 ɗaliban Afirka da ke karatu a Faransa sunka kafa ƙungiyar FEANF, kuma cikin waɗanda sunka yi aikin har da Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa tun 1992. Can ne anka koyi tsarin da muke bi har yau: a zaɓi batu, a kawo mai jawabi, ya gama, sannan zaure ya yi masa tambayoyi ba sani ba sabo. Da anka kafa USN a 1960, shekarar samun ƴancin kai, wannan al'ada ce ta gada.

Lokacin kuwa jam'iyya ɗaya ce a ƙasa, PPN-RDA ta Diori Hamani, don an haramta Sawaba tun 1959. Wanda ke da wata magana daban ba shi da inda zai faɗe ta, sai ɗakin kwanan lise ko taron ɗalibai. Shi ya sa gwamnati ta sa musu ido. A Janairun 1972 shugaban Faransa Georges Pompidou ya zo Yamai, anka fito da ƴan makaranta tarbarsa, sai ga tumatir ya sauka a rigarsa. Baƙon gwamnati ne, ba ɗalibai sunka gayyato shi ba, kuma ba a ba su damar tambaya ba.

Bayan juyin mulkin Seyni Kountché na 15 ga Afrilun 1974 abin ya ƙara tsauri. A 1983 anka kwashi ɗalibai zuwa barikin Tondibiya, ɗaya daga cikinsu, Amadou Boubacar, ya rasu a tsare. Filin da ɗaliban jami'ar Yamai ke taro a cikinsa, Place AB, sunansa ne. Maƙwabtanmu na Najeriya ma sun ga irin haka: a 1978 soja sunka harbe ɗalibai a Zariya, gwamnati ta soke ƙungiyarsu ta NUNS, a 1988 kuma anka kori Patrick Wilmot, malami a jami'ar Ahmadu Bello, daga ƙasar.

Sai ranar Juma'a 9 ga Fabrairun 1990. Gwamnatin Ali Saibou ta karɓi tsarin tsuke bakin aljihu na Bankin Duniya, wanda ya taɓa kuɗin burs da ɗaukar aiki bayan karatu. Ɗalibai sunka taso daga Haro Banda za su ƙetara gadar Kennedy, anka buɗe musu wuta. Uku sunka faɗi: Alio Nahantchi, Issaka Kaïné da Abdou Mamane Saguirou. Ƙungiyar ƙwadago ta USTN ta shigo cikin gwagwarmayar, kafin ƙarshen shekara gwamnati ta amince da jam'iyyu barkatai. Taron ƙasa ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamban 1991 ƙarƙashin André Salifou, kuma USN na da kujera da ƙuri'a a ciki.

Nasarar nan ta zo da tata matsala. Da can abin tsoro shi ne a hana taro. Bayan 1991 sai ga jam'iyyu da yawa, kowace na son matasa, ɗan siyasa da kansa ke neman a gayyace shi. Zai kawo haya ta kujeru, ya kawo ruwan sanyi, ya bar wa kwamiti ɗan abin mota. Kun san in baki ya ci, ido kan ji kunya. Ranar lacca sai jawabi ya cinye awa biyu, a ce lokacin tambaya ya ƙure. Mu ƴan jihar Tawa mun san zafin abin, don shugaban ƙasa guda, Mahamadou Issoufou, ɗan Dandaji ne a ƙasar Illela, siyasa ta ratsa kowane gida, mai goyon baya da mai adawa duk dangi ne.

Yanzu jami'a ta matso kusa. Tun 2010 akwai ta Tawa, mai sunan masanin tarihin Adar, Djibo Hamani, ga ƙungiyoyin ɗaliban Ƙwanni, Malbaza da Tsarnawa masu shirya taro lokacin hutu. Haɗarin ma bai wuce ba: ranar 10 ga Afrilun 2017 Mala Bagalé ya rasa ransa a jami'ar Yamai lokacin zanga-zanga.

Abin da wanga tarihi ke nema gare mu ba shi da yawa. Kuɗin taro ya fito daga karo-karonmu, ko dala-dala ce. In an kira mai ra'ayi kaza wannan wata, a kira mai saɓaninsa wata mai zuwa. A yanke wa baƙo lokaci tun a takardar gayyata, rabi nasa, rabi na zaure. A bar mutane su yi tambaya da Hausa, don manomin albasan Galmi da ya shigo ya ji abin da ake cewa kan kasuwarsa. A kira mata su yi jawabi, kada a bar su ga rabon ruwa: sai da matan Nijar sunka yi maci ranar 13 ga Mayun 1991 kafin a ƙara musu kujeru a kwamitin shirya taron ƙasa. Sannan sakatare ya rubuta abin da anka faɗa, ya ajiye wa kwamitin baɗi.

Baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Mai lacca zai hau motarsa ya tafi kafin magariba, mu ne za mu koma aji ɗaya da safe.